Yadda za ka canza shokozobar motarka a ƙofar gida

A rufin kwanon rumfar da nake aiki akwai wata 'yar huda da na ƙi liƙewa. Idan rana ta take, haske kan zubo ta cikinta ya sauka a kan teburin da nake baje sifanu. Noti ne ya yi ta. Wani yaro da ya koyi aiki a hannuna ya ciro shokozobar gaba ta wata Corolla, ya tsayar da ita tsakanin ƙafafunsa, ya ɗora sifana a kan notin tsakiya alhali bai matse sifirin ba. Ina bayan rumfa ina alwalar azahar sai na ji ƙara kamar ta bindigar toka. Na shigo da ruwa a gemu na tarar da shi a tsaye, sifana a hannu, hular shokozobar kuwa tana can tana juyi a bakin kwata. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Maigida, ai a hankali nake kwancewa." Da a ce ya ɗan sunkuyo da kansa gaba kaɗan, da wani labarin ake yi.

A 'yan shekarun nan masu mota da yawa sun fara taɓa motocinsu da kansu. Kaya sun yi tsada, kuɗin aiki ya hau, ga waya a hannu tana nuna wa mutum yadda ake komai cikin minti biyar. Ban ga laifinsu ba. Canza shokozoba ba buɗe inji ba ne, mai natsuwa da kayan aiki zai gama gaba biyu tsakanin hantsi da la'asar. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne ɓarnar da ake kawo mini gyara kusan iri ɗaya ce kullum. Ko dai an kwance abin da ya kamata a bari sai ƙarshe, ko an ɗaure abin da ya kamata a jira mota ta sauka ƙasa tukuna. Aikin nan ba ƙarfi yake so ba, sanin wane ne kafin wane yake so.

Ka tabbata ita ce ta mutu

Da yawa daga masu zuwa suna ce mini "shok ɗina ya mutu" ba shi ne ya mutu ba. Nauyin mota a kan sifirin yake. Ita shokozoba bututu ce cike da mai, da sanda mai fistin a ƙarshenta. In taya ta faɗa rami, fistin ya tura man ta wasu ƙananan ƙofofi, man ya ƙi wucewa da sauri, sai ƙarfin girgizar ya koma zafi. Shi ya sa in ka taɓa ta bayan doguwar tafiya a hanya mai gargada za ka ji ta da ɗumi. Aikinta ta hana sifirin ci gaba da rawa, ta danne taya a kan kwalta. Wadda ake kira mai gas kuwa an matse iskar naitrojin a cikinta don kada man ya yi kumfa idan ya yi zafi.

Saboda haka in motarka ta karkace ta zauna gefe ɗaya, sifirin za ka tuhuma. In kuma ƙara kake ji ƙwal-ƙwal a kan gargada, fara duba linkej, ɗan ƙarfen da ke ɗaure a jikin shokozoba, da bushin na roba, domin su ne suka fi yawan yin wannan kukan, kuma kuɗinsu bai kai na shokozoba ba.

Alamun mutuwarta ba ɓoyayyu ba ne. Danna kusurwar mota da dukan nauyinka ka saki. Lafiyayya za ta taso ta tsaya, matacciya za ta yi ta lilo sau biyu ko uku. Leƙa bayan taya ka dubi jikin bututun: ɗan danshi da ƙura ta manne a kai ba abin tashin hankali ba ne, amma man da ya gangaro har gindi ya jiƙa ta, wannan ta gama yawo. Shafa tafin hannunka a kan tayar, in ka ji ta ci tudu da kwari, alama ce tana tsalle a kan hanya. Sannan akwai dungurawar da gaban mota ke yi in an taka birki. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni tsoro, don tayar da ke tsalle ba ta kama birki yadda ya kamata, tazarar tsayawarka sai ta ƙaru ba ka sani ba. Wasu kamfanonin da ke ƙera ta kan ce a duba ta ko a canza bayan kilomita 80,000. Motar da ke ɗaukar buhunan masara a hanyar burji duk ranar kasuwa ba ta jiran wannan lissafin.

Iri biyu ne, haɗarinsu ba ɗaya ba

Akwai wadda take ita kaɗai, kusa ɗaya sama, kusa ɗaya ƙasa, sifirin yana gefe abinsa. Irin wannan ce a bayan Hilux, inda sifirin mai falle-falle ke ɗauke da kaya. Wannan aikin rabin awa ne in tsatsa ba ta yi gardama ba.

Akwai kuma wadda sifirin ke naɗe a jikinta, an rufe shi da hula daga sama, aka ɗaure da noti ɗaya a tsakiya. Ita ce a gaban yawancin ƙananan motocin da ke kan titunanmu. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Earle MacPherson ne ya tsara ta, har yau da sunansa ake kiranta, kuma motar Ford Consul ta Ingila da ta fito a 1950 na cikin na farko da suka zo da ita. A wannan tsarin shokozoba ba girgiza kawai take sha ba, ita ce ƙashin da ke riƙe da taya a tsaye, kuma tare da ita taya ke juyawa in ka murza sitiyari. Da Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 zan yi misali, don da wuya ka shiga unguwa ba ka ga irinta ba.

Sayen kaya

Biyu ake canzawa, hagu da dama tare. Sabuwa a gefe ɗaya, gajiyayya a ɗaya gefen, mota za ta riƙa karkata a kwana da wajen birki, kuma sabuwar ba za ta daɗe ba. A gaban Corolla ta hagu daban take da ta dama, don kunnuwan da ake ɗaura tiyon birki da linkej ba gefe ɗaya suke kallo ba. Ka tafi kasuwa da lambar shasin motarka, ko hoton tsohuwar a waya.

Sunayen da aka sani a wannan harka su ne KYB ta Japan, Monroe ta Amurka, Sachs da Bilstein na Jamus. Amma kwali ba shi ne kaya ba. Ko a Ƙofar Ruwa kake saye a Kano ko a Panteka a Kaduna, sabuwa ko 'yar Beljiyam, gwajin ɗaya ne kuma da hannunka za ka yi shi. Tsayar da ita a miƙe, danna sandar ƙasa. Ya kamata ka ji tana turjiya tun daga sama har ƙasa, babu wurin da za ta zurma fayau kamar babu komai a ciki. Mai gas za ta dawo da kanta a hankali. Dubi sandar a haske, ta zama sumul tana ƙyalli, ba tsatsa ba ƙarzuwa. In 'yar Beljiyam ce kuma ka ji tana warin sabon fenti, ko ka ga ɗigon walda ko ɗan sukuru a jikin bututun, ajiye ta. An huda ta ne an ɗura mata mai. Takan yi kamar gaske na 'yan makonni, daga nan ta koma gidan jiya. Araha ba ta ado.

Tun kana kasuwa ka haɗa da rigar roba mai kare sanda daga ƙura, da kututturen robar da ke cikinta, in kuma hular ta tsufa ka saya har da ita. Da ƙurar hunturunmu, shokozobar da ba ta da riga ba ta shekara mai kyau.

Kayan aiki

- Jak, in da hali mai mai, ba ɗan siririn da ya zo da mota ba.
- Madogaran ƙarfe guda biyu da ake ɗora mota a kansu.
- Waigi biyu na katako.
- Wil-sifana. Notin tayar Corolla lamba 21 ne.
- Bokis-sifana da sifana mai zobe, daga lamba 10 zuwa 22, da alanki.
- Doguwar sanda ko bututun ƙarfe na ƙara wa sifana tsawo.
- Abin matse sifirin, guda biyu ne a haɗe.
- Sifanar awo, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai ƙarfin da aka saita mata.
- Man kashe tsatsa irin WD-40, ko kananzir in babu. Burushin ƙarfe, guduma, guntun waya ko igiya, alli, ɗan giris.

Biyu daga ciki ba a yin ciniki a kansu: madogari da abin matse sifirin. In ba ka da madogari kuma ba inda za ka aro, bar aikin nan; rashin abin matsewa kuwa mafitarsa tana mataki na 6. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

1. Zaɓi wuri da rana

Daɓen siminti mai baje kake so. Rairayi ko jar ƙasar da ta sha ruwan damina na nutsar da ƙafar jak a hankali, ba za ka lura ba sai mota ta fara jirkicewa. Kada ka fara aikin ana gobe za ka yi tafiya, ba a fafa gora ranar tafiya, kusa ɗaya da ta ƙi fita tana iya cinye maka wuni. Tun da daddare ka goge kusoshin da burushi ka fesa musu mai, su kwana suna sha. Na san kanikawa da yawa na zuba man birki a kan tsatsa, amma yana cin fenti, ka kiyaye. Yara kuma a kore su daga wurin, domin su ne masu leƙa ƙarƙashin mota daidai lokacin da bai kamata ba.

2. Sassauta notocin taya tun mota tana ƙasa

Ja birkin hannu, sa mota a giya, ka cusa waigi gaba da bayan tayar baya. Sassauta kowane noti rabin zagaye kawai. In ka bari sai ta tashi sama, tayar za ta riƙa juyawa, kai kuma kana jijjiga motar da ke tsaye a kan jak.

3. Ɗaga gaba duka biyu, ka ɗora a kan madogari

Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Mai mai yakan saki a hankali in robarsa ta gaji, ɗan siririn kuma turi kaɗan ke kayar da shi. Sa jak a wurin da aka tanada a ƙarƙashin gefen mota, ɗaga, cusa madogari, sauke nauyin a kansa, sannan ka kama motar ka jijjiga ta da ƙarfi. In za ta faɗi, gara ta faɗi yanzu.

Bulon siminti ba madogari ba ne. Yana tsaye ƙyam har zuwa lokacin da zai ruguje gaba ɗaya, ba ya ba da sanarwa. Tayar da ka cire kuma ka kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar, ta zama kariya ta biyu.

Dalilin ɗaga ɓangarorin biyu tare shi ne akwai wata sandar ƙarfe da ta haɗa hagu da dama don hana mota karkata a kwana. In taya ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, sandar a murɗe take, linkej ɗin da ya haɗa ta da shokozoba zai ƙi fita, in ma ya fita da duka to ba zai koma raminsa ba. Na sha ganin an farfasa linkej mai lafiya da guduma saboda wannan kaɗai.

4. Ɗauki hoto, sannan ka saki ƙananan abubuwa

Kafin ka taɓa komai ɗauki hoto ta gefe uku. Yanzu kana ganin za ka tuna, bayan awa uku da maiƙo a hannu ba za ka tuna ba. A jikin shokozobar akwai tiyon birki da aka ɗaure da ƙaramar kusa, akwai siririyar wayar ABS in motar na da shi, akwai kan linkej. Saki maƙalinsu kawai. Kada ka kwance tiyon birkin kansa, in ka yi haka iska ta shiga, ka jawo wa kanka wani aikin daban. Notin linkej yakan juya tare da kusarsa, sai ka sa alanki a ramin da ke kan kusar ka riƙe, ka juya notin da sifana mai zobe.

5. Ciro ta

A ƙasa akwai manyan kusoshi biyu da suka haɗa shokozoba da ƙarfen da ke ɗauke da taya da birki. Zan kira shi gwiwa. Zana alli a kewayen inda suka haɗu, don sabuwar ta zauna kusa da inda tsohuwar take. Waɗannan kusoshin su ne mafi tauri a aikin, a nan doguwar sanda ke amfani. Notin ake juyawa, a riƙe kan kusar. Ka tabbata bokis ɗin ya zauna sosai kafin ka danna, domin in kan noti ya sule, ranar ta tafi. Wuta kuma kada ta zo kusa, ga gas a cikin bututu, ga tiyon birki a gefe.

Kafin ka zare kusoshin, ɗaure gwiwar da waya a jikin mota, ko ka tallafe ta da jak daga ƙasa. In ka bar ta ta faɗo waje da nauyinta, za ta ja tiyon birki, kuma tana iya zaro shaf ɗin da ke juya taya daga mazauninsa na ciki. Mayar da shi ba wasa ba ne ga wanda bai saba ba.

Buɗe bonet. A saman kowace taya za ka ga notoci uku ƙanana a kewaye, da babba ɗaya a tsakiya, wani lokaci da murfin roba a kansa. Ukun nan su ne naka. Na tsakiya shi ne wanda ya huda mini kwano, kada sifanarka ta ko gaishe shi. Cire biyu, bar na uku a sassauce. Zare kusoshin ƙasa, in sun ƙi ka mayar da noti a bakin kusar ka buga a kansa don kada haƙoranta su lalace. Sannan ka riƙe shokozobar da hannu ɗaya, ka cire notin ƙarshe da ɗaya hannun, ka zaro ta a hankali kada gindinta ya yaga robar shaf. In da mai taimaka maka, nan ne wurinsa.

6. Matse sifirin

Nan ne aikin yake, sauran duk share fage ne. Sifirin da ke jikin shokozoba ko an ciro ta daga mota a matse yake, ƙarfin da ke ɗauke da kusurwar mota yana nan a ɗaure, noti ɗaya ne ya tare shi.

Kwantar da ita a ƙasa, kanta na kallon bango ko fili, ba kai ba, ba ƙofar gida ba. Yi wa haƙoran abin matsewar giris. Maƙala ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, suna fuskantar juna daidai, kowanne ya kama zagaye da yawa gwargwadon yadda zai iya, ƙugiyoyin kuma su zauna sosai. Ɗaure wannan zagaye uku, koma wancan zagaye uku, haka za ka yi ta yi. In ka matse gefe ɗaya ya wuce ɗaya, sifirin zai lanƙwashe kamar baka, ƙugiyoyin su zame su haɗu a gefe guda, daga nan sai abin da Allah ya yi. Da hannu ake wannan, ban yarda da injin iska a nan ba. In ka ga sandar matsewar ta fara lanƙwasa, tsaya, ka sassauta a hankali, ƙarfenta bai kai ba.

Yaushe ya isa? Lokacin da sifirin ya saki mazauninsa, ka kama shi ka ji yana motsi tsakanin hula da farantin ƙasa. Sai a lokacin ne notin tsakiya ya halatta. Riƙe sandar ta ramin alanki ko ta gefen da aka shafe a kanta, ka kwance. Jera abin da ka cire a ƙasa bi da bi yadda suka fito: noti, hula, farantin sama, roba, sifirin, riga, kututture. Sifirin da ke matse ka ɗauke shi kamar ƙwai, ka kwantar a gefe inda ba mai tuntuɓe da shi.

Na san akwai masu ɗaure sifirin da waya ko igiyar nailan. Na kuma san dabarar bakin titi, inda ake kwance notin tsakiya mota tana ƙasa sannan a ɗaga ta a hankali nauyinta ya saki sifirin. Masu yi sun yi shekaru suna yi, kuma ko su ka dubi yatsunsu. Kai da ba ka da abin matsewa, hanya biyu gare ka. Ka sa shokozobar a buhu ka kai wa mai kayan aiki ya sauya maka sifirin, kuɗin ba yawa. Ko ka sayi wadda 'yan kasuwa ke kira kamfilit, da sifirinta da hularta a haɗe, ka tsallake wannan matakin gaba ɗaya.

7. Haɗa sabuwar

Sabuwa ta daɗe a kwance a kwali, mai da iska sun cakuɗe a cikinta. Tsayar da ita a miƙe, danna sandar ƙasa ka bar ta ta dawo, sau huɗu ko biyar, har ka ji turjiyar ta daidaita. Daga nan ka yi ƙoƙari ta zauna kai sama har ka ɗaura ta.

Juya hular da hannu. Akwai boris a cikinta, shi ke ba taya damar juyawa da sitiyari. In ka ji gurɗa-gurɗa, ko ka ga robar ta tsage, sa sabuwa. Wanda ya mayar da tsohuwar hula a kan sabuwar shokozoba shi ne mai dawowa bayan mako ya ce an sayar masa da jabu, alhali ƙarar daga hula take.

Sa kututture da riga. Zaunar da sifirin: a farantin ƙasa akwai ɗan tudu inda wutsiyarsa ke tokarewa, dole ƙarshen ya zauna a nan daidai. A farantin sama na Toyota akwai alama, kibiya ko rubutun OUT, wadda ke kallon wajen mota, wato gefen da kunnuwan kusoshin ƙasa suke. In ka juya shi, sifirin zai zauna a karkace ya riƙa kuka duk lokacin da ka sha kwana. Ɗora hula, sa sabon notin da ya zo a kwali, domin irinsa mai kulle kansa ne, sau ɗaya yake riƙo na gaskiya.

Kada ka kama sandar da filaya don ta daina juyawa. Ƙarzuwa ɗaya a jikinta za ta riƙa yanka robar bakin bututu duk shiga da fita, cikin wata guda sabuwar shokozobarka ta fara zubar da mai. Bayan notin ya ɗauru, sassauta abin matsewar kamar yadda ka ɗaure, nan uku can uku, idonka a kan wutsiyar sifirin kada ta bar gurbinta.

8. Mayar da ita

Sama ake farawa. Cusa kusoshin hula uku a ramukansu, kama notocin da hannu kawai don ta rataya tana lilo. Sannan ka turo gwiwa cikin kunnuwanta, ka zura manyan kusoshin ta gefen da suka fito, hotonka zai tuna maka. Daidaita da zanen alli, ka ɗaure. Ƙarfin da kowane noti ke so yana cikin littafin gyaran motarka, kuma bambancin da yawa: na ƙasa suna son ninkin na sama sau da dama. Masu koyo sukan juya lamarin, su danne ƙananan na sama har kusa ta tsinke, su bar manyan na ƙasa da sauran sako-sako. Mayar da linkej, tiyon birki da wayar ABS kowanne a maƙalinsa. Murza sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ka duba tiyon bai murɗe ba, ba ya gogar komai.

9. Na baya

Bayan Corollar nan ma sifirin a jikin shokozoba yake, don haka duk abin da na faɗa a mataki na 6 yana nan daram. Notocin samanta ta cikin but ake kai musu. Ta bayan Hilux kuwa sai ka tallafi aksil da jak don kada ya zube in ka zare kusa, ka cire ta ƙasa, ka cire ta sama, ka sa sabuwa.

Amma akwai kuskure ɗaya da kusan kowa ke yi a nan. Idon shokozobar baya yana da bushin na roba a ciki. In ka ɗaure kusarsa tamau alhali taya na rataye a sama, da mota ta sauka robar za ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana, ba da daɗewa ba ta yage. Kama kusar da hannu kawai. Sai mota ta sauka a kan tayoyinta, ka danna ta sau biyu ko uku ta zauna yadda take zama, sannan ka shiga da sifana ka ƙarasa ɗaurewa.

10. Sauke, gwada, kai alaimen

Sa taya, kama notoci da hannu, sauke mota, sannan ka ɗaure su a tsallake, wannan sai na gabansa ta ɗaya gefen, kada ka bi su a jere. Na Corolla newton-mita 103 suke so. Ba sai ka hau kan wil-sifana da ƙafa ba, wanda ke yin haka shi ke tsinka kusa ranar da taya ta yi faci a daji.

Kafin ka motsa, taka birki ka ji ya yi tauri. Zagaya unguwa a hankali, gilashi a sauke, rediyo a kashe. Bi ta kan tudun rage gudu, sha kwana hagu da dama, ka saurara. Za ka ji motar ta ɗan yi tauri fiye da yadda ka saba, ba matsala ba ce, ka daɗe kana hawa gajiyayya ne. Ƙwal-ƙwal kuwa na nufin akwai notin da ka manta, galibi na linkej ko na tsakiya.

Alli ya kusantar da kai ne kawai, bai mayar da taya daidai inda take ba. Duk wanda ya taɓa shokozobar gaba ya kai mota alaimen cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe guda kafin ya ankara. Bayan mako ka sake bin notocin taya da na hula da sifana, ka leƙa jikin bututun ka ga a bushe yake.

Tsohuwar kuma kada a jefa ta a bolar da ake cinna wa wuta, kada yara su ɗauka su yi ta bugu da dutse. Ko ta mutu akwai sauran gas da mai a cikinta. In ɗan gwangwan ya zo saye, ka gaya masa mai gas ce kafin ya ɗora ta a sikeli.